Jiki Magayi: Tarihin Sanin Saƙar Jikin Ɗan Adam, daga Wuƙar Mahauci zuwa Ma'aunin Damtse a Ƙasar Maraɗi

Babbar hanyar mota da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram tana ratsa Gidan Rumji kafin ta kai Maraɗi, sannan ta wuce Agiye da Gazawa ta shiga ƙasar Tasawa. Ƙasa ce ta hatsi da dawa da wake da gyaɗa, mai yawan jama'a, wadda aka daɗe ana ɗauka a matsayin rumbun Nijar. Gundumar Gidan Rumji ita ce ta ƙunshi Tsibiri, mazaunin sarautar Gobir. Gazawa kuwa a cikin Agiye take har shekarar 2011, lokacin da aka yanke ta ta zama gunduma mai zaman kanta.

A ɗakunan shan magani na ƙauyukan waɗannan gundumomi akwai wani ɗan kayan aiki da uwaye suka saba gani: siririn tef na roba, irin na tela, mai launi uku, ja da rawaya da kore, wanda ake zagaya wa damtsen yaro. Kuɗinsa bai kai na tiyar hatsi ba, amma yana cikin abubuwan da ake dogara da su wajen sanin yaron da za a ba abincin magani da wanda za a sallama. Abin da yake aunawa shi ne kaurin tsoka da kitsen da suka kewaye ƙashin hannu, wato biyu daga cikin kayan da aka gina jiki da su. Ilimin da ya raba waɗannan kaya gida-gida ya yi doguwar tafiya kafin ya iso wannan yanki, kuma da ya iso, a siffar wannan tef ya fara taɓa rayuwar talaka.

Ilimin hannu

Tun kafin zuwan boko akwai masu sana'a a ƙasar Hausa da suka san jiki da hannunsu. Mahaucin da ya feɗe akuya yakan bi farin tantanin da ke tsakanin tsoka da tsoka ya raba su ba tare da ya yanka ko ɗaya ba. Mai kilishi ya san tsoka zare-zare ce, shi ya sa yake iya warware ta ta yi siririya kamar takarda. Majemi yakan jiƙa fata a ruwan toka har gashi da saman fatar su saki, ya kankare kitse da ragowar nama ta ciki, sannan ya tsoma abin da ya rage a ruwan bagaruwa. Abin da ya ragen shi ne tsakiyar fata, saƙaƙƙen zare mai ƙarfi, kuma ingancin wannan saƙa ne ya kai sunan fatar jar akuyar Maraɗi har kasuwannin Turai. Wanzami ya san iyakar zurfin da askarsa za ta shiga wajen tsaga da ƙaho da kaciya. Maɗori kuwa ya san ƙashi abu ne mai rai da ke haɗe kansa, kuma na yaro ya fi na tsoho saurin kamawa.

Daga waɗannan sana'o'i harshe ya sami kalmomi masu yawa: fata, tsoka, kitse, tantani, guringuntsi, ƙashi, ɓargo, jini. Sai dai ilimin hannu yana da iyaka, kuma kalma ɗaya ta isa ta nuna iyakar. Bahaushe yana kiran hanyar da jini ke bi jijiya. Yana kiran agara, igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashin diddige, jijiya. Haka kuma farin zaren da ke kai saƙon zafi daga yatsa zuwa ƙwaƙwalwa, shi ma jijiya ne. A ido sun yi kama, amma aikinsu ya sha bamban. Ba Hausawa kaɗai suka haɗa su ba: tsofaffin Girkawa ma da suna ɗaya suke kiran agara da jijiyar saƙo, har sai da Herophilus ya bambanta su a Iskandariyya a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa. Ibn Sina, a littafinsa Al-Qanun da ya kammala a 1025, ya jera abin da ya kira gaɓoɓi marasa gauraye, irin su ƙashi da guringuntsi da tantani da nama da jijiyoyi iri-iri, waɗanda daga gare su ake harhaɗa hannu ko ido ko ciki.

Daga ashirin da ɗaya zuwa huɗu

Wanda ya mayar da wannan tunani ilimi mai zaman kansa shi ne wani matashin likita na asibitin Hôtel-Dieu da ke birnin Faris, Xavier Bichat, wanda aka haifa a 1771 ya rasu a 1802 yana ɗan shekara 30. Bichat bai yarda da madubin ƙara girman abu na zamaninsa ba, domin hoton da yake nunawa a dagule yake. Hanyarsa ta fi kama da ta majemi: yakan jiƙa yankin jiki, ko ya dafa shi, ko ya shanya shi, ko ya zuba masa ruwa mai tsami ko mai kaifi, ya ga wanne zai narke, wanne zai ƙanƙance, wanne zai jure. Da haka ya ƙirga iri 21 a littafinsa na 1801. Sunan da ya yi amfani da shi, tissu, a Faransanci yana nufin abin da aka saƙa, don haka idan aka ce saƙar jiki ba a yi nisa da asalin kalmar ba. Babban abin da ya gano shi ne cuta tana iya kama saƙa ɗaya a cikin gaɓa ta ƙyale sauran, kamar yadda tantanin da ya lulluɓe zuciya kan kumbura alhali tsokar zuciyar lafiyarta ƙalau.

Bayan rasuwarsa madubi ya inganta. A 1839 Theodor Schwann ya nuna cewa jikin dabba, kamar na tsiro, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta. A shekarun 1850 masana irin su Albert von Kölliker da Franz Leydig suka duba siffar ƙwayoyin da yadda suke jeruwa, sai dogon lissafin Bichat ya taƙaita zuwa manyan gidaje huɗu da ake koyarwa har yau. Akwai saƙar shimfiɗa, wadda ta rufe jiki ta waje ta kuma shimfiɗe cikin baki da hanji da huhu. Akwai saƙar haɗi, wadda ta ƙunshi tsakiyar fata da agara da kitse da guringuntsi da ƙashi, har da jini. Akwai tsoka, mai iri uku: ta gaɓoɓi, ta zuciya, da ta bangon hanji da hanyoyin jini. Ta huɗu ita ce saƙar jijiyar saƙo, wato ƙwaƙwalwa da laka da rassansu. A nan ne jijiyoyin Bahaushe uku suka rabu: agara ta shiga gidan haɗi, jijiyar saƙo ta tsaya da gidanta, hanyar jini kuwa ta zama bututu mai shimfiɗa a ciki, tsoka a tsakiya, saƙar haɗi a waje.

Wannan ilimi ya daɗe bai iso ƙasar Maraɗi ba. Faransa ta buɗe makarantar likitoci a Dakar a 1918, amma ƴan ƙalilan ne daga Nijar suka kai can. Sai a 1974 aka fara koyar da aikin likita a Yamai, jami'ar Maraɗi kuwa a 2010 aka kafa ta. A tsawon wannan lokaci, madubin da ke asibitin gunduma aikinsa neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a ɗigon jini da ƙwayar tarin fuka a majina. Abin da ya tilasta duba saƙar jikin yaron ƙauye shi ne yunwa.

Yadda yunwa ke cin jiki

Mutanen wannan yanki sun san yunwa har suna ba ta suna. Ta 1984 zuwa 1985 ana kiranta El Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya a zamanin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari. Ko a shekarar da damina ta yi kyau, akwai watannin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, daga Yuni zuwa Satumba, kuma a cikinsu ne zawo da zazzaɓin cizon sauro suka fi yawa.

Yunwa tana bin saƙar jiki ne daki-daki. Ajiyar sukarin da ke hanta takan ƙare cikin kwana guda. Daga nan jiki ya koma kan kitse, har fatar ɗuwawun yaro ta yi yaushi ta rataya. Amma ƙwaƙwalwa ba ta iya haƙura da sukari, kuma ta ƙaramin yaro tana cin kusan rabin ƙarfin da jikinsa ke ƙonawa yana kwance, ko ma fiye. Don a ciyar da ita sai jiki ya shiga rushe tsokarsa yana mayar da ita sukari. Saƙar shimfiɗa ma ba ta tsira. Ta cikin hanji tana sabunta kanta duk kwana uku zuwa biyar, don haka tana cikin na farko da ke jin rashin kayan gini: ƴan tsirarrakin da ke tsotse abinci sukan gajarce, abin da aka ci ya wuce a zawo, ƙwayoyin cuta su sami hanyar shiga jini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsokar zuciya ita ma takan yi rauni, shi ya sa ƙarin ruwa ta jijiya ko abinci mai yawa farat ɗaya kan iya kashe yaron da ake son ceto. Wannan ita ce tamowa.

Akwai kuma nau'in da ke zuwa da kumburi: ƙafafu su cika da ruwa, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata ta riƙa saɓulewa. Wata likita haifaffiyar Jamaika, Cicely Williams, ta bayyana shi a asibitin yara na Akra a 1933, kuma a 1935 ta kira shi da sunan da ta ji a bakin mutanen Ga, kwashiorkor, ciwon yaron da ƙaninsa ya ture daga nono. Matan Hausa ma sun daɗe suna danganta ramewar yaro da kwanika, wato samun ciki ana cikin goyo, da yayen gaggawa da ke biyo baya. Likitar ta yi abin da kaɗan daga abokan aikinta suka yi a lokacin: ta saurari uwaye.

Asalin tef

Auna nauyi da tsawon yaro yana buƙatar sikeli da allon awo da jadawali da ma'aikaci mai horo. Damtse kuwa yana da wata fa'ida: ƙashi ɗaya ne a ciki, tsoka da kitse sun kewaye shi, kuma kaurinsa ba ya canzawa sosai tsakanin shekara ɗaya da biyar, saboda yayin da kitsen jarirantaka ke raguwa tsoka na ƙaruwa. Idan ya sirance, alama ce jiki ya fara cin kansa. A lokacin yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970, ma'aikatan agaji na ƙungiyar Quaker sun yi amfani da awon damtse haɗe da sandar awon tsawo don tace dubban yara cikin sauri. A 1974 wani likitan yara na Bagadaza, Adnan Shakir, tare da David Morley, wanda ya yi aiki shekaru a Ilesha da Imesi-Ile a ƙasar Yarbawa, suka fito da tef mai launi uku wanda ko wanda bai iya karatu ba zai gane. A ƙarshen shekarun 1980 likitan Faransa André Briend da abokan aikinsa suka nuna, a Bangladesh da Senegal, cewa awon damtse ya fi awon nauyi da tsawo iya nuna yaron da mutuwa ta fi kusanta, suka kuma danganta haka da yawan tsokar da ta rage a jikinsa.

Briend ɗin ne kuma, tare da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset, ya haɗa Plumpy'Nut a 1996: markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, a ƙunshi mai nauyin giram 92. Da yake babu ruwa a ciki, ƙwayoyin cuta ba sa hayayyafa, ba ya buƙatar dafuwa, uwa na iya ba ɗanta a gida. Kafin haka sai an kwantar da yaro kusan wata guda ana ba shi madara ta musamman, uwa ta bar gona da sauran ƴaƴanta a tsakiyar damina. Abin lura, gyaɗa ita ce amfanin gonar da ƙasar Maraɗi ta yi shekaru tana aika wa masana'antun man Faransa, tun zamanin mulkin mallaka har fari da cutar tsiro suka karya nomanta a shekarun 1970. Ga ta ta dawo daga Faransa a matsayin magani.

Shekarar 2005 da abin da ya biyo baya

Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara kuma ta yi ɓarna a wasu sassa. Zuwa tsakiyar 2005 buhun hatsi ya kusan kai jika talatin a wasu kasuwanni. Ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, wadda ke aiki a Maraɗi tun 2001, ta ga yara suna kwararowa fiye da yadda ta taɓa gani. A wannan shekara ta yi wa yara fiye da 60,000 maganin tamowa mai tsanani a Nijar, kusan 40,000 daga cikinsu a jihar Maraɗi, mafi yawansu a gida, kuma fiye da 90 cikin ɗari sun warke. Ba a taɓa yin aiki mai girman haka da wannan hanya ba. A watan Agusta shugaban ƙasa Mamadou Tandja ya musanta cewa akwai yunwa. Wanda ya dubi manya a kasuwa zai iya yarda da shi, domin hatsi na nan a kasuwa ga mai kuɗi. Shaidar tana damtsen ƴan ƙasa da shekara uku.

Daga nan gundumar Gidan Rumji ta zama fagen gwaji da duniya ta zuba wa ido. A 2006 aka gudanar da bincike a ƙauyuka 12 na Gidan Rumji da Madarunfa, inda aka ba yaran rabin ƙauyukan ƙunshi ɗaya kowace rana tsawon wata uku tun kafin su rame. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna sababbin masu kamuwa da tamowa mai tsanani sun ragu da kashi 58 cikin ɗari. A 2007 MSF ta raba wani nau'in abincin, Plumpy'Doz, ga yara wajen 60,000 ƴan wata 6 zuwa 36 a faɗin gundumar, kowane wata daga Mayu zuwa Oktoba, sai aka ga hauhawar da aka saba gani a damina ta lafa. A wannan shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da yin maganin tamowa mai tsanani a gida. A 2009 aka ɗaga iyakar ja daga milimita 110 zuwa 115. Daga 115 zuwa ƙasa da 125 rawaya ne, daga 125 zuwa sama kore.

Aikin bai tafi sumul ba. A Yulin 2008 gwamnati ta dakatar da reshen Faransa na MSF a Maraɗi, ya kuma tattara ya bar jihar kafin ƙarshen shekara. Sai bayan juyin mulkin Fabrairun 2010 hukuma ta fito fili ta amince da matsalar, kuma a wannan shekara aka yi wa yara fiye da 300,000 magani a faɗin ƙasa, akasari a asibitocin gwamnati. Daga 2011 ƙungiyoyin BEFEN da ALIMA suka fara gwaji a Mirya, jihar Damagaram, na miƙa tef ɗin ga uwaye da kansu. Aka tarar awonsu bai kasa na ma'aikatan lafiyar ƙauye ba, kuma suna kawo yara da wuri. Wannan dabara ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Ilimin da ya fara a ɗakin gawa na Faris ya koma hannun matar da ke daka hatsi a tsakar gida.

Abin da tef ba ya gani

Tef yana da nasa makanta. Yaron da ya kumbura zai iya nuna kore alhali yana cikin hatsari, shi ya sa ake danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku a ga ko rami zai zauna. Mafi muhimmanci, tsoka da kitse kaɗai yake aunawa, kuma su ne masu saurin dawowa: cikin mako shida zuwa takwas damtse kan cika. Ƙashi da ƙwaƙwalwa ba haka suke ba. Mafi yawan gininsu yana faruwa ne daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara biyu, kuma abin da aka rasa a wannan tsakani da wuya ya dawo duka. Binciken abinci na ƙasa ya sha nuna cewa fiye da rabin yaran jihar Maraɗi ƴan ƙasa da shekara biyar tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Da yawa daga cikinsu damtsensu kore ne.

Dalilan wannan ba a ɗakin shan magani suke ba. A kudancin jihar jama'a ta yi yawa gonaki sun tsuke, har binciken da Marthe Doka da Marie Monimart suka buga a 2004 ya nuna yadda mata ke rasa gamanarsu, ƴar gonar da suka saba nomawa don kansu da ƴaƴansu. Furar da aka tsinka da ruwa ba nono tana cika ciki amma ba ta gina tsoka. Kayan ginin kuwa, wake da gyaɗa da ƙwai da nono, su ne ake fara kai wa kasuwa idan bashi ya taso. Jar akuyar da majemi ke yabon fatarta dukiyar mata ce a mafi yawan gidajen Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, tana yawan haifar tagwaye, tana kuma ba da nono. A gidan da ba a sayar da ita ba kafin saukar damina, yaron da aka yaye yana da abin da za a dama masa fura da shi har sabon hatsi ya nuna.